Curin Taurarin da Ke Saman Katangar Maƙwabcinmu

Me zai sa mutum ya ga abu da idonsa, har ya yi kabbara don mamaki, sannan ya je gaban jama'a ya ce bai taɓa gani ba? Na tambayi malamai, na tambayi tsofaffin da suka girme ni tun suna raye, ba wanda ya ba ni amsar da ta zauna mini. Ni ban yi boko ba, allon ma ban yi nisa ba. Jikata ce ke rubuta wannan, malamar makaranta ce, na kuma ce mata ta rubuta yadda na faɗa, kada ta gyara mini magana don ta yi daɗin ji. In ta ga ina kuka ta jira ni, kullum haka nake in na tuno mijina.

Malam mai gyaran agogo ne a Ƙofar Ran. Kafin ya aure ni ya yi shekaru yana ja wa masu awon ƙasa sarƙar awo, a wajensu ya san taurari, don da su suke gane inda suke in sun yi nisa a daji. Da Baturen da yake bi zai koma ƙasarsu, sai ya bar masa wani tsohon madubin hangen nesa da wani gilashi mai kauri, faɗinsa kamar bakin kwanon sha. Da wani ne da ya sayar. Shi kuwa ya yi wa gilashin dogon akwati na katako, ya shafe cikinsa da baƙin tukunya, ya ce wannan akwatin hoto ne. Yana da aboki mai ɗaukar hoto a bakin kasuwa, Kirista ne daga wajen Dass. Shi ke ba shi farantan gilashin da hoto ke kamawa a jiki, shi ke wanke masa su.

Abu ɗaya Malam yake so ya ɗauka. In bazara ta yi, akwai wani tauraro da ke fitowa ta kudu, ba ya hawa sama sosai, ba ya kuma ƙyalli kamar sauran, sai ka ce an shafe shi da yatsa. Na ce masa ko Kaza da 'Ya'yanta yake nufi. Ya yi dariya ya ce waɗancan ai yaro ma zai ƙirga su. Wannan, in ji shi, ba tauraro ɗaya ba ne, taurari ne da ba sa ƙirguwa suka cure wuri guda, nisa ne ya sa ido ke ganinsu kamar ɗaya. Curi yake ce masa. Ya ce haskensa kaɗan ne ƙwarai, sai an bar akwatin a buɗe fiye da awa guda yana tarawa, yadda ake ajiye tulu a ƙarƙashin indararo in ana yayyafi.

Wahalar ita ce sama ba ta tsayawa. In ka bar akwatin wuri ɗaya, taurarin sai su fito zane-zane kamar an ja tsinke a ƙasa. Don haka ya kafa wani ƙarfe a saman soronmu, ya ɗora akwatin da madubin a kai, ya yi musu wata ƙaramar ƙafa ta juyawa mai tsaga huɗu. Ya gyara wani agogon tebur yana yin ƙara kaɗan, ting, ting. Duk ƙara ɗaya dole tsaga ɗaya ta iso ƙarƙashin babban yatsa, ba gaggawa, ba tsayawa. Shi kuma idonsa na cikin madubin yana tsare wani tauraro a mahaɗar silin gashi biyu da ya gicciye a ciki. Gashina ne, a kaina ya tsinka.

Da farko shi kaɗai yake yin duka biyun, hotunan suna ta fitowa kamar tsutsotsi. Wata rana ina kaɗi a tsakar gida, ya tsaya ya daɗe yana kallon yadda nake murza mazari.

“'Yar Fulani,” in ji shi, haka yake kirana in yana son wani abu, “zarenki ba ya kauri a wani wuri ya sirance a wani wuri?”

Na ce, “Ka taɓa jin masaƙi ya dawo mini da shi?”

“To yau za ki hau sama.”

“Ni? Mace a saman soro? Sai ka ce akuya.”

Na hau ɗin. Na shafa alli a yatsuna kamar zan yi kaɗi, na kama ƙafar nan. Tun daga ranar taurarin suka daina ja, suka fara fitowa ɗigo-ɗigo. Curin dai bai kamu ba tukuna, don ba mu kai lokacin da yake buƙata ba.

Yanzu 'yan zamani ba su san wata al'ada ba. A cikin gari gidaje a manne suke, kuma da bazara mata a tsakar gida suke kwana saboda zafi, daga su sai zani. Saboda haka duk namijin da zai hau soro ko bishiya, ko da rana ne, sai ya ɗaga murya sau uku ya ce, “Salamu alaikum, za a hau sama, a kimtsa!” Wanda ya hau bai faɗa ba, sunansa mai leƙe. Malam bai taɓa hawa bai yi kiran nan ba. Gidanmu kuwa titi ne ta arewa da yamma, ta gabas kango ne. Gida ɗaya kawai ake iya hangowa daga samanmu, na kudu, na wani mai sayar da kananzir da fitilu. Curin kuma a saman katangarsa yake fitowa, shi ya sa bakin madubin kullum gidansa yake fuskanta, ya ɗan ɗaga sama kaɗan.

Wani dare mai kananzir ɗin ya yi sallama ya ce yana so ya ga abin da ake kallo. Na sauko na shige ɗaki, na tsaya a bakin ƙofa, ina jin komai.

“Malam mai agogo,” in ji shi yana hawa tsani, “ka gama gyara na duniya, yanzu na sama ka koma wa?”

“Na sama ba ya ɓaci. Sa idonka nan, kada ka taɓa ƙarfen.”

Can sai na ji, “Allahu akbar! Allahu akbar! Wannan ai curin auduga ne aka rataye. Malam, kullum yana nan a saman gidana ban sani ba?”

Ya daɗe a sama, har sai da Malam ya ce masa curin zai faɗi. Da suka sauko, a gindin tsani, taku uku tsakanina da su, ya ce, “Wannan kiran naka na kowane dare, don Allah ka bari. Tsohuwata ba ta samun barci, da ka ɗaga murya sai ta farka ta yi ta tari har asuba. Mun san kana hawa, na kuma ga abin da kake kallo.”

Malam ya ce, “A'a, al'ada ce, ba na so in karya.”

“Gidan wa ake karewa? Ba nawa ba? To na ɗauke maka.”

Malam ya daina kira. Kuskurenmu ke nan, ba mu sa ya maimaita maganar a gaban ko mutum ɗaya ba. Wa zai nemi shaida a kan alherin maƙwabci?

Ba a yi sati uku ba aka aiko daga gidan mai unguwa. Na riga Malam fita, na shiga wajen matan gidan kamar gaisuwa na je, na zauna a bayan ƙofar zaure. Zauren ya cika. Mai kananzir ya ce Malam na hawa soro cikin dare ba sallama, yana saita madubin Turawa a kan iyalinsa suna kwance. Mai unguwa ya tambayi jama'a ko akwai wanda ya ji kiran Malam kwanan nan. Aka ce a'a, an daina ji. Gaskiya suka faɗa.

Malam ya ce, “Shi ya ce in bari. Ya hau da ƙafarsa ya duba, ya ga abin da nake kallo.”

“Ni?” in ji mai kananzir. “Allah ya kiyaye. Me zai kai ni saman soron wani? Ban taɓa hawa ba, ban ga komai ba.”

“Iyalina ta ji,” in ji Malam.

Wani daga baya ya ce, “Ai da ita yake hawa, ita ke riƙe masa tsani!” Zaure ya kwashe da dariya. Na ciji gefen mayafina har sai da ya huje.

Malam ya roƙi a ba shi zuwa duhun wata mai zuwa. Ya ce zai kawo hoton abin da yake kallo, kowa ya gani. Mai unguwa ba mugu ba ne, ya yarda, ya ce amma ya koma yin kira. Darare uku kawai suka rage mana masu kyau kafin damina, Malam ya lissafa su.

Daren farko ya yi kira sau uku, muka hau. Sama tas. Ya saita, ya buɗe akwatin, na kama juyawa. Mun yi kamar rabin awa sai na ji ana famfo a bayan katanga, fus, fus, fus. Sai ga fitilar nan mai famfo, irin wadda ake kunnawa a gidan biki, tana tasowa a kan doguwar gora. Mai kananzir ya ɗaure ta a jikin katanga, daidai bakin akwatinmu. Har zanen tafin hannuna nake gani.

Malam ya ce, “Don girman Allah ka sauke ta, awa ɗaya kawai.”

Daga can ƙasa ya amsa, “Mai kallon sama me ya haɗa shi da fitilar ƙasa? In taurari kake nema, ai ga wani na ƙara maka.”

Akwai guntun tubali kusa da ƙafata. Na ɗauka. Malam ya riƙe mini wuyan hannu ya ce in na fasa ta, an gama da mu. Har yau ina da-na-sanin sakin tubalin nan. Dare na biyu ma haka aka yi. Mai hoto ya wanke farantan biyu, suka fito kamar ruwan toka, ba ko ɗigo ɗaya. Dare na uku hadari ya haɗo daga gabas, aka yi ruwan farko.

Mai unguwa ya hana hawa. Wannan ba komai ba ne in an gwada da abin da ya biyo baya. Sunan Malam ya koma mai leƙe. Mutane suka zo suka karɓe agogunansu, wasu a kwance ba a ma ɗaura ba. In ya shiga sahu a masallaci sai na kusa da shi ya ɗan matsa. Matan unguwa suka daina aiko mini da auduga. Mutumin da ko ɗaga ido bai taɓa yi ya dubi matar wani ba. Kafin kaka muka kwashe kayanmu muka koma Inkil, wajen dangin mahaifiyata masu shanu. Wasu sun ce gidan namu mai kananzir yake so. Ban yarda ba, don ko da muka tashi bai saya ba, yana kallo ya zama kango, awaki na kwana a ciki.

A Inkil Malam ya fara tari. Yana gyaran agogo jefi-jefi, yana ɗan noma, amma ba ya fira kamar da. Da bazara ta zagayo, shekarar da aka samu mulkin kai, sai ya kafa ƙarfen nan a bakin gona, inda ba katangar kowa. Shanu na kwance can gefe suna tuƙa. Muka yi awa ɗaya da rabi cur. Hannuna ya mutu, sauro ya cinye mini ƙafa, ban motsa ba. Shi kuma yana danne tarinsa da rawani don kada ƙarfen ya girgiza. Da ya rufe akwatin sai da ya durƙusa ya yi tari har na tsorata.

Mai hoto da kansa ya tako da keke ya kawo mana hoton. Ya ce, “Malam, wannan hannun ba naka ba ne, kai hannunka rawa yake.” Malam ya ce, “Na 'yar Fulani ne.” Na karɓi takardar. Baƙa ce wuluk, a tsakiyarta fari ya cure kamar dunƙulen fura, gefensa kuma ya watse ɗigo-ɗigo, ƙanana, kamar an zubar da gero a baƙin zani. Na fara ƙirgawa da tsinke, na bari.

Washegari Malam ya sa farar rigarsa ya tafi Ƙofar Ran a ƙafa. Mai hoto ya raka shi, shi ya ba ni labarin, don Malam bai faɗa mini ba. Sun tarar da mutane a ƙofar gidan mai unguwa ana ta zancen mulkin kai, wa zai samu wane aiki in Turawa sun tafi. Hoton ya zaga hannu uku ko huɗu. Da ya iso hannun mai kananzir sai ya kai shi kusa da ido, ya nisanta shi, ya ce, “Wannan ai kashin ƙuda ne.” Aka yi dariya, aka koma zancen da ake yi. Malam ya dawo da la'asar, ya sa hoton a ƙarƙashin tabarma, ya kwanta. Bai sake kafa ƙarfen ba. Ranar da ake ta kiɗa a gari don mulkin kai, muna jiyowa daga nesa, ni ina dafa masa sassaƙe. Ba a gama girbin gero ba ya rasu. Daga Ƙofar Ran mutum biyu ne suka zo gaisuwa.

Na yi takaba, na ƙi aure. Na zauna ina kaɗi ina jira. Duk wanda ya zo daga gari sai na tambaye shi lafiyar mai kananzir, in an ce lafiyarsa ƙalau sai in ji daɗi, don ba na so ya mutu ban gama da shi ba.

Shekaru suka wuce. Wata safiya aka yi sallama, na leƙo sai ga mai kananzir a tsugune a ƙofar gida, ya yi furfura. Zai tafi Makka, yana bin mutane yana neman gafara kamar yadda ake yi. Shi kaɗai ya zo.

“Baiwar Allah,” in ji shi, “na zalunci mijinki. Shi ya riga mu, ke kika rage. Ki yafe mini.”

Na ce, “Ka hau soron ko ba ka hau ba?”

“Na hau.”

“Ka gani?”

“Na gani.”

“To don me?”

Ya sunkuyar da kai yana tonon ƙasa da tsinke. Ya ce sharrin Shaiɗan ne. Na ce Shaiɗan bai iya famfon fitila ba.

Na ce, “A gaban jama'a ka ɓata shi, a gaban jama'a za ka wanke shi. Ranar Juma'a bayan la'asar, a ƙofar masallacin unguwa. In ka faɗa, na yafe.”

Ya roƙe ni in bar shi ya faɗa wa liman kaɗai, yana da surukai, yana da 'ya'ya manya. Na ce ni ma ina da 'ya, da sunan 'yar mai leƙe ta girma. Na shige gida.

Ranar Juma'a na ɗaure hoton a bakin zani na tafi. Na tsaya a tsallaken titi, jikin kangon gidanmu. Da aka sallame, mai kananzir ya miƙe a bakin ƙofa, mutane na neman takalmansu, ya fara magana ƙasa-ƙasa kamar mai karanta wa kansa addu'a. Na ɗaga murya na ce, “Ba a ji ba!” Duk aka waiwayo. Mace ba ta magana a wurin, na sani, na kuma sake cewa, “Ba a ji ba, ka ɗaga murya yadda ka ɗaga a zauren mai unguwa!”

Ya ɗaga. Ya ce ya hau soron Malam mai agogo da ƙafarsa, ya ga taurari, shi ya hana shi kira, shi ya rataya fitila, Malam bai taɓa leƙen gidan kowa ba. Surukinsa na tsaye a wurin da takalmi ɗaya a hannu. Na tsallaka na miƙa wa liman hoton, aka yi ta karɓa hannu zuwa hannu, wannan karon ba wanda ya yi dariya. Wani tsoho da ya taɓa karɓe agogonsa a kwance ya ce, “Allah ya jiƙan Malam.” Aka amsa da amin. Na ji sanyi har cikin ƙashina.

Sai mai kananzir ya matso, idonsa ya yi ja, ya ce, “To baiwar Allah, na cika.”

Na ce, “Ka cika. Ban yafe ba.”

“Ai kin yi alkawari! Kin ce in na faɗa kin yafe!”

“Ni? Yaushe? Wa ya ji? Kawo shaida.”

Liman ya ce in ji tsoron Allah, mutumin nan ɗakin Allah za shi. Na ce ya je, akwai wanda zai tarar da shi a gaba, su yi ta can. Na karɓi hotona na ɗaure, na kama hanyar Inkil. Ya je Makka ya dawo, ya yi 'yan shekaru ya mutu. Sau biyu yana aiko mini da dattawa. Ban je gaisuwarsa ba, ban kuma yafe ba, yau ma da nake maganar nan ban yafe ba.

Jikata ta ajiye alƙalami ta tambaye ni ko Malam zai ji daɗin abin da na yi. Ban taɓa faɗa wa kowa wannan ba, ko uwarta, amma tunda na ce a rubuta gaskiya, ta rubuta. Ranar da Malam zai rasu da hantsi ne, na ɗaga kansa ina ba shi kunu, ya kurɓa sau biyu ya kawar da kai. Ya kama bakin zanina, muryarsa ta dushe sai da na kai kunnena. Daga wannan bai sake magana da ni ba.

“Zai zo neman gafara wata rana, na san zai zo. Ki sa ya faɗa wa mutane gaskiya. In ya faɗa, ki yafe masa, da bakina da naki. Kada ki riƙe shi, kin ji ko?”